Birnin da ke Jikin Labule

Mijin yayata mai hoto ne, kuma sana'ar ta cinye sunansa tun da daɗewa. Ni ma Mai Hoto nake ce masa tun ina budurwa ina kai musu abinci shago. Shi kuma Rediyo yake kirana, wai ba a kashe ni sai dai batir ya ƙare. A haka muka tsufa, ina tsokanarsa da sanƙo, yana tsokanata da baki. Ban taɓa faɗa masa ina ganin girmansa ba, don na san kansa zai kumbura.

Shagonsa ɗaki ne mai tsawo, tsakanin mai aski da mai gyaran agogo. Daga ƙofa akwai akwatin gilashi cike da hotunan da masu su ba su dawo karɓa ba, rana ta koɗar da su. Kana shiga za ka tarar da teburin Yaya, da almakashinta, da ambulan, da madubi da mataji na masu son gyara fuska. Can ciki akwai kujera mai hannu, da tukunyar furen roba, da fitilu biyu masu lema. A bayan kujerar kuma labule yake.

Labulen nan shi ne arzikin shagon. Ƙyalle ne mai kauri da ya rufe bango daga silin har ƙasa, wani mai rubuta allunan shaguna ya zana masa shi a shekarar da ya buɗe wurin. Wani tsohon birni ne na ƙasar waje: gadar dutse a tsakiya, kogi shuɗi shar a ƙarƙashinta, doguwar hasumiya mai agogo a hagu, wata babbar ƙubba mai ruwan zinari a dama. Amare da angwaye, ɗalibai, direbobi, sababbin ma'aikata da takalmin aro, duk sun tsaya a gaban gadar nan. Wasu ma sun aika wa dangi hoton ba tare da sun yi bayani ba, suka bar su da zato. Idan aka tambayi Mai Hoto ina ne nan, sai ya faɗi sunan birnin, ya ƙara da labarin sanyinsa da halin mutanensa, alhali iyakarsa da jirgin sama ya ɗaga kai ya gan shi yana wucewa. Ni tela ce, ni nake yi wa labulen faci duk lokacin da dunduniyar takalmi ta yaga gefensa, don haka na san birnin nan ciki da bai fiye da wanda ya zana shi.

Yana da yadda yake aikinsa, ba ya sakewa. Yaya za ta fara gyara wa mutum ɗankwali ko wuyan riga, ta kakkaɓe masa kafaɗa. Sannan shi ya zo ya kama haɓa da yatsu biyu ya ɗan ɗaga, ya juya kafaɗa gefe, ya ja da baya yana kallo kamar mai sayen akuya. Sai ya ɓoye fuskarsa a bayan kyamara ya ce, “A kalli nan. Kar a motsa.” Attajiri da ɗan dako duk murya ɗaya yake yi musu. Da kuɗin wannan muryar aka gina gida, aka yi wa 'yarsu karatu har ta zama nas ta sami aiki a ƙasar waje. Mu ma Nas muke ce mata, ta gaji halin gidan da sana'a ke cinye suna.

Daga baya waya ta shigo, kowa ya zama mai hoton kansa. Shagon ya koma na hoton fasfo, sannan ya koma wurin hirar tsofaffi, a ƙarshe ya miƙa makulli ga wani saurayi mai sayar da caja da murfin waya. Bai yi kuka a gaban kowa ba. Abin da ya karya shi daban ne, kuma a cikin gida ya same shi.

Yaya ta fara da mantuwa irin wadda ake dariya a kai. Ta sa takalmi a firji, ta zuba gishiri a shayi. Muka yi ta tsokanarta har ranar da ta kira ni da sunan mahaifiyarmu, ta tambaye ni ko an tashi daga makaranta. Likita ya faɗi sunan ciwon, ya ce ba ya komawa baya. Ni ta riƙe ni, ko da yake wani lokaci ƙanwarta ce ni, wani lokaci uwarta. Amma mijinta ta sake shi gaba ɗaya. Idan ya shigo falo sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta raɗa mini cewa wane ne wannan mutumin, kuma yaushe zai tafi. Ba ta cin abinci idan yana wurin. Sai ya ɗauki kwanonsa ya fita baranda, a gidan da ya gina da hannunsa, ya zauna kamar baƙon da ya zo gaisuwa aka manta da shi. Na ga abubuwa da yawa a duniya, amma wannan ya fi ci mini rai.

Labulen yana naɗe a sito har ya fara wari, sai ya fito da shi ya rataye a bangon falo don ya sha iska. Yaya na ganinsa ta nutsu. Ta ja kujera ta zauna a gefensa, daidai inda teburinta yake a shago, tana shafa gwiwarta tana jiran masu zuwa. Ba a sake sauke shi ba. Wata rana da la'asar, ina zaune ina zura mata zare a allura don tana son riƙe ta, Mai Hoto ya shigo da sanɗa zai wuce ɗaki. Sai ta nuna gadar, ta dube shi cikin ido, babu mayafi babu tsoro.

“Nan fa ka ce za ka kai ni,” in ji ta.

Ya tsaya cak. Kafin ya haɗa amsa hankalinta ya riga ya koma inda yake zuwa, ta ja mayafinta. Magana ɗaya ce tak, amma a kanta ya ɗora duk abin da ya rage masa. Ya ce idan zane kawai ya sa ta gane shi na ɗan lokaci, to idan ta tsaya a wurin da ƙafarta, ta ga gadar da hasumiyar da ƙubbar a gabanta, za ta juyo ta san shi. Ba warkewa yake nema ba, ya faɗa mini da bakinsa. So yake ta sake kallonsa sau ɗaya ta san mijinta ne.

Nas ta daɗe tana roƙon su zo hutu garin bakin teku da take aiki. Yanzu ya ce ya yarda, amma da sharaɗin a fara da tsohon birnin. Ta gaya masa ta waya cewa tafiya tana rikita masu irin wannan ciwon. Ni ma na gaya masa, kuma ba da lallashi ba, na ce tsufa ne ya fara taɓa masa kai. Ya saurare ni har batirina ya ƙare, sannan ya tashi ya ɗauko tsohuwar kyamararsa ya hau goge ta. Dole aka sa ni a tafiyar, don ni kaɗai Yaya ke yarda in yi mata wanka.

Mun sauka da safe cikin yayyafi. Nas ta tarbe mu da rigunan sanyi, ta rungumi uwarta, uwar ta gaishe ta da ladabi kamar yadda ake gaida ma'aikaciyar asibiti. Yarinyar ta juya ta kama akwatuna. Otal ɗin tsohon gini ne mai siririn bene, tagar ɗakinmu tana kallon bangon wani gida da bututun ruwa. Na ce a bari mu huta zuwa gobe. Mai Hoto ya riga ya rataya kyamara a wuya, ya sa hular da yake sawa ranar ɗaurin aure.

Nas ta sa mu a motar yawon buɗe ido, irin mai bene marar rufi, aka ba kowa abin sawa a kunne yana bayani da yaren da ba ma ji. Birnin babba ne, kuma tsoho ne da gaske, ba zan rage masa ba. Gine-gine na dutse baƙi-baƙi, tituna shimfiɗe da ƙananan duwatsu masu santsi, gumakan mutane a kan dawakai, wasu ba hannu wasu ba kai, tattabaru sun yi musu ado. Ko'ina jama'a cike, kowa ya ɗaga waya a kan sanda ya juya wa abin da ya zo gani baya. Mai Hoto ya yi ta tsaki yana cewa duk sun ba wa haske baya. Amma idonsa ba a kansu yake ba, duk kwanar da motar ta sha sai ya miƙe tsaye yana leƙen saman gine-gine, Nas tana jan rigarsa.

Yaya kuwa ta ƙanƙame hannuna har farcenta ya shiga. Ba ta kalli komai ba. Tana ta tambayata wa ya rasu da mutane suka taru haka.

Muka sauka a wani babban fili mai maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya, inda Nas ta shirya mana mai rakiya. Dattijuwa ce siririya, tana ɗaga jar lema don kar a ɓata mata. Ta zagaya da mu wata tsohuwar fada, ɗaki bayan ɗaki, gadajen sarakunan da suka mutu, da kujerun da aka kewaye da igiya don kar a zauna. Gwiwoyina suna kuka, ga kujeru ko'ina ba damar zama. Nas tana fassara mana shekaru da yaƙe-yaƙe, ni ban riƙe ko ɗaya ba. Da muka fito, Mai Hoto ya kasa haƙuri. Ya zaro wani hoto daga aljihun ƙirji, hoton labulen shi kaɗai ba kowa a gabansa, ya miƙa wa matar. Ya ce wa Nas ta tambaye ta ta ina ake tsayawa a ga wannan.

Matar ta sa tabarau ta duba. Ta fara murmushi, ta nuna nan ta nuna can tana magana da sauri, sai ta ɗaga kai ta ga fuskar tsohon, murmushin ya ɗauke. Nas ba ta fassara ba sai da ya ce mata, “Faɗi mana.”

“Baba, ta ce gadar tasu ce, tana nan kusa. Hasumiyar ma tasu ce, amma tana can wani gefen gari, ba a hango ta daga gadar.” Ta tsaya tana kallon ƙasa. “Ƙubbar kuma ta ce ba ta ƙasar nan ba ce sam.”

A take na tuna shagon mai zanen nan, yadda bangonsa yake cike da tsofaffin kalandu masu hotunan ƙasashe. Ashe mutumin tsince-tsince ya yi, ya ɗauki gada a wannan shafi, ƙubba a wancan, ya haɗa mana gari yadda ya ga zai yi kyau. Shekara da shekaru rabin mutanen garinmu suna ɗaukar hoto a wurin da babu shi a duniya. Da a wata rana ce, da na yi dariya har in faɗi, da na tsokane shi da wannan har kabari. Ranar bakina ya mutu.

Mai Hoto ya karɓi hotonsa ya mayar aljihu. Ya ce ƙila matar ba 'yar garin ba ce, zuwa ta yi. Ya ce a kai shi gadar ya gani da idonsa.

Gadar ita ce, babu shakka. Na gane ƙofofin da ke ƙarƙashinta, na gane fitilun da ke jere a kanta, har na gane kusurwar da na taɓa yi wa faci. Sai dai kogin ba shuɗi ba ne, launin ruwan wanki ne, yana jan ganye da robobi. A hagu, inda hasumiya ya kamata ta tsaya, wani dogon gini ne da ake gyarawa, an lulluɓe shi da koriyar raga. A dama sararin sama ne kawai, fari fat.

Ya bar mu a bakin gadar ya shiga nema. Ya je wancan ƙarshen ya dawo. Ya sauka matakala zuwa bakin ruwa, ya sa ido a kyamara, ya matsa hagu, ya matsa dama, ya durƙusa a jiƙaƙƙen dutse da wandonsa mai kyau. Ya haye ɗaya gaɓar ya sake yin haka. Muna hango shi daga nesa, ɗan tsoho da hula a cikin taron masu lema, yana neman inda zai tsaya abubuwa uku su haɗu. Wasu saurayi da budurwa suka ga kyamara a wuyansa suka miƙa masa waya ya ɗauke su. Ko a wannan halin sai da ya gyara musu tsayuwa kafin ya danna.

Yayyafin ya ƙaru. Takalmin Yaya ya jiƙe, ta fara rawar sanyi, ta fara kukan nan nata marar sauti da ke tsinka mini zuciya. Tana cewa in kai ta gida, an bar wuta a kunne, za a yi mata faɗa. Na nuna mata gadar na ce Yaya dubi, gadar shago ce. Ta duba kamar yadda ake duban bango, ta sake cewa in kai ta gida. Raina ya ɓaci da shi, ɓacin rai na gaske. Na ce wa Nas ta je ta kamo ubanta kafin in je da kaina in yi masa abin da za a taru.

Ya dawo yana haki, gwiwoyin wandonsa sun yi baƙi. Na buɗe baki zan fara, sai na ga idonsa, na fasa. Bai ce an cuce shi ba, bai zagi mai zanen ba. Ya ce da ni a hankali, “Rediyo, gyara mata ɗankwali.”

Na gyara. Na share mata hawaye da bakin mayafina, na kakkaɓe mata kafaɗa kamar yadda ita take yi wa mutane. Nas ta riƙe lema daga gefe. Muka tsayar da ita a jikin bangon gadar, kogin a bayanta. Ya matso, na zaci za ta ja baya ta rufe fuska yadda ta saba. Ya kai yatsu biyu ya kama haɓarta ya ɗan ɗaga. Ba ta kauce ba. Ya juya kafaɗarta gefe, ta bi hannunsa. Kukan ya tsaya. Ta miƙe ta haɗa hannuwa a gaba, ta gyara tsayuwa da kanta, fuskarta ta saki irin sakin da na daɗe ban gani ba. Watanni ke nan bai taɓa ko gefen zanenta ba, ga shi yau ta bar hannunsa a fuskarta. Ni ma, da duk surutun da na yi a gida, a lokacin na yarda tsohon nan ya fi mu gaskiya.

Ya ja da baya bai ɗaga kyamarar ba. Ya tsaya yana kallonta, yana jira. Ita ma ta dube shi sosai, cikin ido, ta yi masa murmushi mai kyau.

“Mai hoto,” in ji ta, “don Allah a ɗan yi sauri. Maigidana yana jirana.”

Duk garinmu haka ake kiransa, ita kaɗai ce ba ta taɓa kiransa da shi ba tun da aka kai ta gidansa. Nas ta juya baya. Ni na kafe idona a kansa don ina tsoron ya faɗi.

Bai faɗi ba. Ya gyaɗa kai kamar yadda yake yi wa kowace mai zuwa shago. Ya ɗaga kyamarar ya rufe fuskarsa da ita.

“To, ranki ya daɗe. A kalli nan. Kar a motsa.”

Ta tsaya cak, ba ta ko ƙifta ido ba. Na ji ƙarar dannawa. Amma bai sauke kyamarar ba, ya daɗe a bayanta, kafaɗunsa suna motsi, mutane suna ratsawa ta tsakaninsu suna ba da haƙuri da yarensu. Sai da Yaya ta gaji ta tambaye ni ko an gama, sannan ya sauke, ya shiga goge gilashin da bakin riga alhali fuskarsa ce ta jiƙe.

Ta yi masa godiya, ta ce Allah ya ba da kasuwa. Ta kama hannuna ta ce mu yi sauri kar a neme ta a rasa. Muka kama hanyar otal, ni da ita a gaba, Nas a gefe da lema. Shi kuma ya biyo mu a baya, ya bar tazara tsakaninmu don kar ta waiwayo ta tsorata.